La'asar a Birnin Landan

Ummuhani na tsugune a tsakar gida tana tankaɗen garin dawa ta ji tsayuwar mota a ƙofa. Kafin ta karkaɗe zaninta, surukarta Inna Zulai ta riga ta rangaɗa guɗa da muryar nan tata da tari ya cinye rabinta.

Mijinta Uwaisu ne ya dawo. Shekara guda bayan samun mulkin kai aka zaɓe shi cikin malaman firamare da ma'aikatan En'e na lardin Zariya, aka kai su Landan na mako biyu, su ga makarantu su kuma ga gari. A duk unguwarsu a Makarfi babu wanda ya taɓa taka ƙasar Turawa kafin shi. Sai da rana ta yi sanyi 'yan barka da zuwa suka watse, ya samu ya zauna a tabarma tsakanin uwarsa da matarsa.

"To, malamin boko," in ji Ummuhani tana miƙa masa fura, "ka gaida mana Sarauniya?"

"Ina fa! Gidanta dai na hango ta bayan ƙarafa. Dogaranta na tsaye da wata baƙar hula, tsawonta ya kai turmi. Sada ya yi ta yi wa ɗaya gwalo, wallahi ko ƙiftawa bai yi ba."

Sada ɗan baffan Ummuhani ne, akawu a ofishin En'e, kuma tare suka yi tafiyar. Mutum ne da in ya samu labari ba ya iya kwana da shi.

"Agogon nan da muke jin bugunsa a rediyo kafin labarai, Ummu, na tsaya a gindinsa a bakin kogi! Da ya buga sai da na ji a haƙarƙarina. Mun hau bas mai bene, mun shiga rami kamar gafiyoyi muka tarar da jirgin ƙasa a ciki. Akwai wani fili kuma, tantabaru sun rufe ƙasa, suna sauka a kafaɗun mutane, babu mai kamawa."

"Babu mai kamawa?" Inna ta riƙe haɓa. "Ashe Turawa ba su san romo ba!"

"Kin ga hankakinsu kuwa, Inna? A wata tsohuwar kurkuku muka gan su, inda a da ake fille kan waɗanda suka saɓa wa sarki. Baƙi ƙirin, ko ɗigon fari babu a ƙirjinsu."

"Rana fa?" Ummuhani ta tambaya. "An ce ba ta fitowa."

Sai dariyar ta ragu a fuskarsa. Ya ce ai ranar Landan kamar mai takaba take, kullum a lulluɓe, kuma kafin a tashi daga ofis magariba ta yi. Ya tuna mata abin da mahaifinta, Malam Inuwa na Kudan, ya ce masa da ya je sallama: "Je ka ka ga duniya, amma kada ka bar rana ta faɗi ba ka yi salla ba."

"To ranar ƙarshe aka kai mu wani tsohon coci, inda ake naɗa sarakunansu, a nan kuma ake binne su. Duk namiji sai ya cire hula a ƙofa, kamar yadda muke tuɓe takalmi. Muna ta kallon kaburbura na leƙa ta taga na ga duhu na tahowa, ga ni ban yi azahar ba balle la'asar. Waje kuwa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani tsoho mai gadin wurin ya ga ina ta zarya, na faɗa masa damuwata. Ya ja ni wani lungu can gefe da babu mutum-mutumi ko ɗaya, har ya nuna mini gabas. Na shimfiɗa kwat ɗina a kan dutse na yi sallata."

"Allah ya karɓa," in ji Ummuhani. Ta shafa cikinta na wata biyar, tana jin a ranta babu macen da ta kai ta dace.

Ashe Sada ya hango shi daga nesa. A zauren wani abokinsa ya ba da labarin yana ƙyaƙyata dariya: "Har a coci na ga mutumin naku durƙushe, kai babu hula!" Daga nan ya koma bakin aikinsa a Zariya, ya bar maganar tana tafiya da ƙafarta. Ranar kasuwar Makarfi masu awon mazarƙwaila suka ce ai wankan shiga addinin Nasara aka yi masa. Kafin labarin ya kai Paki an ce har sabon suna aka raɗa masa. Da ya isa Kudan kuwa, Malam Inuwa ya aiko su zo su biyun.

Ummuhani na maƙale a bayan ƙofar zaure. Zauren cike da almajirai manya da dattawan unguwa, Uwaisu na durƙushe a bakin buzun mahaifinta.

"Ka shiga ɗakin bautar Nasara?"

"Na shiga, Allah ya gafarta Malam, amma—"

"Ka tuɓe hularka?"

"Haka ne. Dokar wurin ce, kuma—"

"An gan ka gwiwa biyu a ƙasa a cikinsa. Ƙarya aka yi maka?"

"Ba ƙarya ba ne, sai dai—"

"Ya isa!" Malam ya katse shi. Shi ne ya ba ɗan boko 'yarsa lokacin da duk 'yan'uwansa malamai suka hana shi, ga shi yau suna zaune suna kallonsa. "Da bakinka ka amsa. Wallahi duk wanda ya ƙara kawo mini maganar nan, ko ya ambaci sunanka a gidan nan, ba ni ba shi! Ita kuma ta zauna. Ranar da ta sauke abin da ke cikinta zan je gaban alƙali a tabbatar igiya ta tsinke."

Ummuhani ta zame ta zauna a ƙasa. Ko sallama ba a bar su sun yi ba.

Uwaisu ya turo dattawa har sau biyu, suna buɗe baki Malam ya tashi ya shige gida. Goggo Rahmatu, ƙanwar Malam wadda ta raini Ummuhani tun rasuwar uwarta, ta gaji da ganin hawaye a kan tuwo.

"Ke wace irin yarinya ce? Kin san gaskiya kin rufe baki! Faɗi gabansa ki yi kururuwa mana!"

"Ya rantse, Goggo. In na yi magana na rasa uba, kuma ban samu miji ba."

A Makarfi iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajin Uwaisu, dama da ƙyar aka ba da su. Duk da haka kowace Juma'a sai ya tuƙo kekensa har Kudan ya bi salla a sahun ƙarshe. Ummuhani kan leƙa ta ɓular zana in an taso, ta ga mutane na ratse masa kamar mai kuturta. Goggo ta ji an ce ko a cikin sahu sai a bar gurbin mutum guda a damansa da hagunsa. Yakan zo ƙofar zaure ya durƙusa ya yi gaisuwa, ba a amsa ba, ya tashi ya hau kekensa.

Ana cikin zafin bazara Inna Zulai ta rasu. Malam ya ce ita dai Musulma ce, ya yarda Goggo ta raka Ummuhani gaisuwa. Ta tarar da gidan fayau, 'yan zaman makoki ba su cika tabarma biyu ba. Uwaisu ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Goggo ta ba su baya kamar tana neman buta.

"Har ta cika tana tambayata, 'An daina maganar?'" in ji Uwaisu. "Na ce mata an daina. Ummu, an yi mini tayin taransifa zuwa Kaduna. Can babu wanda ya san mu. Zo mu tafi."

"Ka ƙara haƙuri, maigida. Mun kai babin rabon gado."

"Ina maganar aurenmu kina mini maganar littafi?"

Ta share hawaye da bakin mayafi ta yi masa bayani. Kullum bayan la'asar Malam yakan karantar da matan gidansa littafin fiƙihu, layi biyu ko uku. In sun sauke sai a koma farko saboda ƙanana. Can gaba da babin tsarki akwai inda ake zayyana wuraren da aka hana salla.

"Baba ya hana a kawo masa maganarka. Amma tunda nake ban taɓa ganin ya hana ɗalibi tambaya a kan karatun ranar ba."

"In kika haihu kafin a kai wurin fa?"

Ta sunkuyar da kai.

Karatu ya yi ta jan ƙafa. Yau Malam ya tafi jana'iza Malikanchi, gobe baƙi sun zo, jibi wata ƙanwarta ta kasa biya nata an maimaita. Cikin Ummuhani ya sauka, ƙafafunta suka kumbura, Goggo ta fara tara itacen wankan jego a bayan ɗaki. Duk sanda mara ta murɗa mata sai ta cije leɓe ta ce a ranta, "Ɗan nan, ka taya ubanka haƙuri."

Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, ranar aka kai. Malam na zaune a rumfa yana fassarawa: mayanka, juji, tsakiyar hanya, makwancin raƙuma, ɗakunan bautar waɗanda ba Musulmi ba. Ya kai hannu zai rufe littafi.

"Baba, ina da tambaya."

"Ina jin ki, Uwata." Sunan mahaifiyarsa gare ta, amma rabon da ya kira ta haka tun ranar zaure.

"Matafiyi ne a ƙasar da babu masallaci kusa. Rana za ta faɗi bai yi azahar ba bai yi la'asar ba, waje ana ruwa, shi kuma yana cikin irin ɗakin nan. Sai ya nemi lungun da babu gunki, ya shimfiɗa rigarsa, ya fuskanci alƙibla. Ya fita daga addini?"

"Subhanallahi! Wace irin fita? Abin ƙi ne in da zaɓi, in larura ce kuwa babu komai a kansa. Ai wanda ya damu da salla har haka—"

Sai ya tsaya.

"Kuma malaminsa ne ya yi masa wasiyya," ta ƙarasa, "ya ce kada ya bar rana ta faɗi bai yi salla ba."

Yayyafi ya fara sauka a kan rumfa, Malam bai ko janye littafin ba sai da Goggo ta miƙa hannu ta rufe shi. Hawaye na bin gemunsa.

"Sau uku yaron nan yana son yin bayani ina danne shi," ya ce a hankali. "Wata huɗu yana salla a masallacinmu, ina jin abin da mutane ke faɗa, ban ji abin da idona ke gani ba. Ke ba ki ambaci suna ba, Uwata. Ni zan ambata, in yi kaffarar rantsuwata. Uwaisu na zalunta."

Ranar Juma'a, da aka tada iƙama, Malam Inuwa ya ratsa sahu-sahu har na ƙarshe, ya tsaya a gurbin da ake bari a daman surukinsa, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ƙarasa maganar da na katse maka." Uwaisu ya ƙarasa. Da Malam ya nemi gafararsa sai ya fashe da kuka, ya ce shi babu komai, Inna ce dai ta tafi ba ta ji ba. Wannan kam babu mai iya gyara shi, kuma Malam bai daina yi mata addu'a da suna ba har ƙarshen ransa.

Haka duniya take. Magana in ta bar baki ba ta da linzami, kuma wanda ya yanke hukunci bai bar mai magana ya kai aya ba, ko da malami ne, zai wayi gari yana cizon yatsa. Da Ummuhani ta bi mijinta Kaduna, da har yau ana cewa jita-jitar gaskiya ce. Ta riƙe uba, ta riƙe miji, haƙuri ya mayar mata da su duka.

Kwana kaɗan bayan haka ta haifi mace, aka sa mata Zulaihatu. Da Uwaisu ya zo ganin jaririyar, Ummuhani ta dube shi daga bakin gado.

"Malamin boko, har yau ba ka ƙarasa mini labarin ba. Ranar nan ta Landan, ta fito kuwa kafin ku taho?"

Ya gyara wa mai sunan Inna kwanciya a hannunsa.

"Ta fito, Ummu. Muna hanyar filin jirgi ta leƙo. Sai dai ta makara ƙwarai."