Bangon Ɗakin Nana Sadeta

Ranar da abin ya fara, Zumreta na yanka pita, gasasshen burodi mai nama a ciki, a faranti, mijinta Ramiz na kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmansa a bakin ƙofa. Ladan bai gama kiran magariba ba dutse ya faɗo a kan rufin. Ya gangara a hankali, ya dira a tsakar gida. Na biyu ya biyo baya.

"Yaran ƙauyen nan ba su da tarbiyya," in ji Ramiz, ya fita da fitila.

Babu sawun kowa a kan ƙanƙarar. Ya ɗauki dutsen, ya ga gefensa baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya san shi sarai, don da hannunsa ya cusa shi a tsohon bututun hayaƙin gidan. Ya wurga shi bayan tarin itace, ya koma ciki ya ce bai ga komai ba.

Tun da kakansa ya gina gidan nan a kan tudun da ke saman garin Travnik, murhu yana jikin bangon tsakiya ne. Bayan bangon akwai ɗakin Nana Sadeta, mahaifiyar Ramiz. Duwatsun bangon sukan sha zafi yini guda, su kwana suna ɗumama gadon tsohuwa. Kullum da almuru takan rufe garwashi da toka, ta yi bisimilla, ta ce, "Ku ji ɗumi, maƙwabta." Ba wanda ya taɓa tambayarta da wa take.

Bara Ramiz ya sayo murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi. Mai shagon ya ce masa ya kafa shi inda tsohon yake. Amma Ramiz mutum ne mai son a gani a yaba, kuma mene ne amfanin wuta mai rawa a bayan gilashi in baƙo bai hango ta daga ƙofa ba? Ya kafa shi kusa da taga, ya huda bangon waje ya fitar da bututu, tsohon kuma ya toshe shi da duwatsu. Falo ya yi ɗumi har ana cire riga. Nana Sadeta ta rasu a ƙarshen wancan hunturun, aka ce ciwon ƙirji ne da tsufa.

Yanzu hunturu ya dawo, duwatsu kuma suka riƙa faɗowa duk magariba. Sai aka fara jin tari daga ɗakin da aka rufe tun bayan jana'iza. Zumreta takan daina motsa miya ta saurara. Ramiz yakan ƙara sautin rediyo.

Daga nan abin ya koma kan 'yarsu Senada. Yarinya ce mai surutu, sai ta yi tsit. Tana zaune gwiwarta na kusan taɓa ƙarfen murhu, da barguna a kanta, amma haƙoranta na kaɗawa, leɓenta ya yi shuɗi. An kai ta asibiti a gari, ba su ga komai ba. Ta daina cin abinci. Wata yamma numfashinta ya fara fitar da tururi a ɗakin da kowa ke gumi.

"Ka kira Hoja Nezir," in ji Zumreta. "In ba ka je ba, ni zan je, ko da rarrafe ne."

Hoja Nezir tsohon limaminsu ne, wanda ya koya wa Ramiz karatu da kunne a hannu. Ya iso rana na faɗuwa. Ya dubi murhun, ya dubi bangon tsakiya, ya ce, "Ka yi wa taga gata, Ramiz. Ita ce ke jin sanyi a gidan nan?" 

Hoja ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Wutar da ke bayan gilashi ta kwanta, ɗakin ya yi duhu-duhu. Senada ta ɗago kai, muryar da ta fito ta wani tsoho ce, a dushe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, alhali ni ma ina sallah."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. A bututun can nake tun kafin a haifi uban Ramiz. Tsohuwa ta san da mu, ba ta taɓa kwana ba ta bar mana garwashi ba. Da ya toshe mana gida, ɗakinta na koma. Ni na zauna da ita. Na ga ruwan kofinta ya daskare."

Zumreta ta rufe baki da mayafi. Ita ma ta ga kofin nan a lokacin, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

"Me yarinya ta yi maka?" in ji Hoja.

"Ba komai. Sanyin ɗakin can kawai na ɗora mata, ban ƙara ko kaɗan ba."

"Sake ta."

"Zan sake ta in ƙanƙara ta narke."

Hoja ya girgiza kai. "Ba za ta kai ba, ka sani. Mai sallah ba ya kama marar laifi."

"Tsohuwar ma ba ta kai ba. Tambaye shi inda na samo maganar."

Hoja ya juya. Ramiz na tsaye jikin ƙofa, kunya ta hana shi ɗaga ido. 

"Sau ɗaya ta yi mini magana," in ji shi. "Ta ce, Ramiz, bangon nan ya mutu. Na ce, Inna, aiki ne babba, ki bari in ƙanƙara ta narke. Na ƙara mata bargo. Ba ta sake cewa komai ba, ni kuma na ji daɗin shirun."

Haƙoran Senada suka ci gaba da kaɗawa.

"Abin da nake so in ji ke nan," in ji muryar. "Ya buɗe bututun, ya mayar da wuta mazauninta."

"Zai yi gobe. Kai kuma ka rantse ba za ka ƙara taɓa kowa a gidan nan ba, kuma yau za ka fita," in ji Hoja.

Aljanin ya yi gardama kaɗan, yana so ya ga aikin tukuna. Hoja ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, sai aljanin ya rantse. Senada ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, zafi nake ji. Wa ya lulluɓe ni haka?"

Da gari ya waye Ramiz ya hau rufi ya zaro sauran duwatsun. Shi da Zumreta suka ja murhun zuwa bangon tsakiya, ya haɗa bututun, ya hura wuta. Kafin azahar an gama, har da shara.

Da almuru Senada ta cinye miyar wake ta nemi ƙari. Ba dutsen da ya faɗo. Ramiz ya buɗe ɗakin mahaifiyarsa, ya shiga shi kaɗai, ya zauna a bakin gadon da ba kowa a kai. Ya ɗora tafin hannunsa a bango. Bangon ya yi ɗumi.

Zumreta ta leƙo ta ce abinci na hucewa.

"Aikin rabin yini ne, Zumreta," in ji shi, bai ɗauke hannun ba. "Rabin yini kawai."