Kunnen Inna

Bilki na tankaɗen garin dawa a tsakar gida, mijinta Bunyaminu ya faɗo ko sallama babu.

"Mi direban lorin Dahome ya ce miki a kasuwar Lolo har da dariya?"

"Haba, Malam! Hanyar Kamba ya tambaya."

"Da Dendanci? Don kar in ji, ko?"

Kafin ta amsa ya ɗauke ta da mari, tas! Rariya ta kife.

Gwaggo Iyatu, ƙanwar marigayi mahaifinsa, ta leƙo. "Na faɗa maka! Haka uwarka ta fara, hira da baƙi, har ta bi wani zuwa ƙetaren iyaka ta bar ka kana yaro."

Auren so ne aka ɗaura wa Bunyaminu da Bilki a Bagudo shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar 'yancin kai. Amma da Bilki ta yi wa wani murmushi, sai Bunyaminu ya koma yaron nan da ya farka bai ga uwarsa ba. Zuciya ta ce masa, ita ma tafiya za ta yi.

Bilki ta yi yaji tana kuka. Da ya je biko, mahaifinta Malam Lauwali ya ce, "Ɗiyata ba ganga ba ce. Je ka gaida mahaifiyarka tukuna, tana raye a Dahome."

Bunyaminu ya hau keke ya ƙetara Dahome. Ya tarar da tsohuwa tana kaɗi, ya durƙusa.

"Inna, don mi kika bi wani kika bar ni?"

"Zagayo ta dama, ɗana. Kunnen nan ba ya ji, mahaifinka ya kashe shi da mari." Ta share hawaye. "Wane wani? Gidan yayana na gudo da raina. Na dawo ɗaukarka, danginku suka kore ni."

Ya kalli tafin hannunsa, ya fashe da kuka.

Bilki ba ta koma da wuri ba, sai da damina ta wuce ta ga sauyi. "Na yafe," ta ce, "amma in abin ya taso maka, bakinka za ka buɗe, ba hannu ba."

Haka aka yi. Kishin bai gushe rana ɗaya ba, sai dai in ya motsa, Bunyaminu kan zauna ya ce, "Bilki, tsoro nike ji." Ita kuma ta saurara.

'Yan'uwa, kishin da ke ɗaga hannu ba so ba ne, tsohon miki ne. A nemi maganinsa, kada a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.