Matan da Ya Turo Mata

Katuna ɗari biyu Mansura ta buga saboda taron 'yan kasuwa da aka yi a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Har aka kira la'asar bakwai ne suka bar hannunta, biyu ma ta gan su a ƙasa an tattake. Duk wanda ta ce wa ita koci ce, sai ya tambaye ta wace ƙungiyar ƙwallo.

"Ba ƙwallo ba," ta ce wa wani dogon saurayi, muryarta har ta dishe. "Masu sana'a nake horarwa, su tsara aikinsu, su san yadda za su riƙe masu saye."

"Na gane," ya ce, idonsa bai bar fuskarta ba. "Ni ne Abdussamadu, injin casar shinkafa gare ni a Argungu. Ba ni katuna goma."

Sati biyu suna musayar saƙo, rabi aiki rabi hira, kafin ya rubuto: "Malama Koci, na samo miki mutum uku. Ranar Asabar, gidanmu."

Kwana biyu ta yi tana shiri. Ta shiga motar haya cikin zafi, ta isa gidansu a Argungu, ta tarar da dattijai mata uku a kan tabarma. Babbarsu ita ce Inna Laure, ƙanwar mahaifinsa, mai turara shinkafa. Awa guda Mansura tana bayani, suna gyaɗa kai. Da ta ce ko akwai tambaya, Inna Laure ta gyara zama.

"Mi babanki ka yi?"

Ta biyun ta ce, "Kin iya tuwo?"

Ta ukun ta raɗa, amma kowa ya ji: "Wallahi yaron ga ya iya zaɓe."

Mansura ta tattara takardunta ta fice. Tun a mota ta tura masa: "Aiki na zo nema, ka mai da ni abin kallo. Kada ka ƙara kira na."

Ya amsa: "Hasken idona, na yi kuskure. Na ce musu ke ƙwararriya ce, na ƙara da cewa ina son ki. Na biyun kaɗai suka ji."

Ta kife wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai, labarin ya kai kunnen mahaifinta, Malam Arzika.

"An ga ɗiyata kafin a gan ni?" ya ce. "To, daga yau babu Argungu, babu yawon taro, babu wannan yaro."

Wata biyu tana gida. Ta yi ta tallar kanta a guruf-guruf na waya, kowa ya ce "Allah ya taimaka" ya wuce. Saƙon Abdussamadu kuwa kullum sai ya shigo. Takan karanta ta yi tsaki, an jima ta sake karantawa.

Wata safiyar Litinin sai ga bas a ƙofar gida. Inna Laure ce da mata goma sha huɗu na ƙungiyar masu shinkafa ta garin Gulma, kusa da Argungu.

"Ɗiyata, ranar da kin taho gidanmu kin ce in roƙi duk mai sayen da ya ji daɗi ya haɗa ni da wani. Na gwada. Yanzu shago huɗu ka ɗaukar shinkafata. Ga su nan, ki koya musu."

Sannan ta durƙusa gaban Malam Arzika. "Laifina ne, Malam, ni na yi azarɓaɓi. Magabatan Abdussamadu na nan tafe in ka ba da izini."

Ya daɗe yana duban matan da suka cika masa tsakar gida suna jiran 'yarsa. "Su taho," ya ce.

Ranar da aka bar Abdussamadu ya zo zance, Mansura ba ta yi masa murmushi ba.

"Har yanzu ina fushi."

"Na sani, zumata. Mi zan yi?"

"Kwastoma daban, dangi daban. Kuma aikina ba zai tsaya ba."

"Na ɗauki alkawari, har gaban Malam zan maimaita."

Ta kau da kai, amma ya riga ya ga dariyar.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura auren. Malam Arzika ya dafa kan 'yarsa ya ce: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanki da aikinki." Matan ƙungiyar suka amsa da amin, guɗa ta tashi.