Rigar Sallama

Bayan magariba ne, sanyi na yankan kunne. Nazarkul ɗan aike yana tafe shi kaɗai a kan doki, yana zagin ubangidansa Bek.

Wasiƙar Bek da ke cikin rawaninsa Han zai kai wa, sarkin ƙetaren kogi. Ya san abin da aka rubuta a gefenta, inda manya ke sa roƙon kansu: shaho da irin kankana. Wansa Allaberdi kuwa, da ya kai wasiƙar bara Han ya ƙi sallamarsa, ko sunansa babu a ciki.

"Kankana. Allah ya isa," ya ce. "Da bakina zan roƙa, ko da za a yanke harshen."

Dokin ya toge a bakin wata busasshiyar rijiya. Wani mutum na tsaye, fuska a rufe.

"Kai sarkin fushi, har yau ba ka iya ɗaure sirdi ba? Majayinka ya kwance."

"Ina ruwanka? Kauce mini, ɗan'uwana zan je karɓowa."

"Kada ka ɓata bakinka, an sallame shi. Ai ka sani, manzo ba ya barin fada sai an sa masa riga."

Nazarkul ya lura numfashinsa da na dokin na fita kamar hayaƙi, na mutumin babu. Mutumin ya sunkuya ya ja majayin, ƙanshin kafur ya tashi. Rigar jikinsa fara ce fat, ba hannu, ba aljihu, ba ɗinki ko ɗaya.

"Yaya Allaberdi?"

Mutumin ya ƙulle majayin tamau, ya dafa wuyan dokin, ya kama hanyar gida.