Zarami Mai Majigi

Duk wanda ya yi wayo a Azare kafin mulkin kai ya san Zarami. Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa ya tashi da bakin da ya fi ƙarfin gonar ubansa. Aikinsa bin motar majigi ƙauye-ƙauye, yau Itas gobe Gamawa. A kafa farin ƙyalle bayan magariba, shi ya tsaya gefe yana fassara wa jama'a abin da Turawa suka ɗauko. Mutane na dariya, shi abin na cin ransa. So yake ya riƙe akwatin ɗaukar fim da hannunsa, ya ɗauki mutanen Katagum su ga kansu a ƙyalle. Burin ba laifi ba ne, gaggawar ce ta hallaka shi.

Wani direba ya ba shi labarin boka a wani kufai can bakin kogi, bayan tsohuwar Katagum. Zarami ya je da rana tsaka. Ya tarar da kuka mai kogo, an rataye fasassun madubai a rassanta, kowanne an shafe fuskarsa da toka. A gindinta tukunya ce cike da ruwa baƙi ƙirin. Bokan, wani tsoho mai ido ɗaya, ya sa shi ya leƙa. Ya ga sama, ya ga rassa, bai ga fuskarsa ba. Mai hankali nan zai ɗauki takalmansa.

Bokan ya dama kwalli da jinin jemage, ya ce in akwatin ɗaukar fim ya zo a shafa a gefen idon akwatin. Zarami ya tambayi abin biya.

"Ba na son kuɗinka. Duk naɗin fim da ka ɗora, kan zaren, wato guntun farkonsa, nawa ne. Da shi da abin da ya hau kansa."

"Baba, ai wannan shi muke yankewa mu zubar."

"To, kada ka zubar. Ka kawo."

Zarami ya fito yana murmushi, wai shi ya yi wa ɗan ƙauye wayo.

Ba a jima ba wani Bature mai sayen gyaɗa da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati da majigi kamar kyauta. Daga nan ƙofa ta buɗe. Attajirai suka shiga kiransa biki da suna, fim ya tafi Ikko wanki ya dawo, mutane su yi cincirindo su biya don su ga kansu suna tafiya a bango. Ya yi gidan kwano, ya sayi mota. Matarsa Yakaka ta manta rabonta da tsohon zane, 'yarsu tilo Meram kuwa, wadda yake ji da ita kamar ransa, har da awarwaron azurfa.

Sai dai masu wannan sana'a suna da al'ada. Ba a fita aiki sai an gwada akwati a gida, a ɗan juya hannunsa a kan abu mai motsi, kada a je gaban jama'a inji ya cije. Haka Zarami ya koya, haka yake yi a tsakar gidansa, ya yanke kan zaren ya kai kufai. Kaji suka fara mutuwa, sai awaki, aka ce annoba ce. Wata safiya ba dabba ko ɗaya, ya gwada a kan mahaifiyarsa Ya Gana tana sheƙar gero. Kafin kasuwa ta zagayo an binne ta, aka ce tsufa ne.

Sai Yakaka ta yi kwalliya ta roƙe shi ya gwada a kanta. Ita ba ta mutu ba. Ta wayi gari tana bin ɗakuna da madubi a hannu, ba ta ganin kanta a ciki, tana tambayar inda aka ajiye ta. Ran nan Zarami ya gane, ya zauna a zaure ya yi kuka kamar yaro.

Da ya tsaya nan, da an ce ya yi asara ya huta. Amma wani attajiri a Dagauda ya kira shi babban biki, Zarami ya ce sau ɗaya dai. Ya ɗora fim, ya saita akwatin a bango tsirara inda ko ƙadangare babu, ya fara juyawa. Sai ga Meram a guje daga bayan rumbu, ta faɗo gaban akwatin tana ɗaga hannu.

"Abba, ni ma ka ɗauke ni!"

Ya yanke zaren ya ɓoye a aljihu, ya tuƙa mota har kufai, ya zube gaban bokan. Ya ce ga mota, ga gida, in idanunsa ake so a ƙwaƙule.

Bokan bai ko ɗago ba. "Tun da hannunka ya juya na karɓa. Kawo zaren ladabi ne kawai."

Da ya dawo Azare, tun daga nesa ya hangi tabarmi a ƙofar gidansa.

Dukiyar ba ta daɗe ba. Motar ta ruɓe a inda ya tsayar da ita, dangin Yakaka suka zo suka tafi da ita Barno a ɗaure. Abu ɗaya Zarami ya aika Ikko bayan nan, guntun zaren nan. Da ya dawo ya liƙa bakinsa biyu wuri ɗaya, ya zama zobe. A ɗakin da rufinsa bai faɗi ba yake toshe taga ya haska bango. Meram ta fito a guje, ta ɗaga hannu, ta ɓace, ta sake fitowa. Masu wucewa sukan ji shi yana fassara da tsohuwar muryarsa ta majigi.

"Jama'a, ga ta nan, Meram ce. Ku yi haƙuri, yanzu za ta tsaya."

Har ya mutu ba ta tsaya ba.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji. Duk wanda ya ce abin da kake zubarwa kaɗai yake so, ya riga ka sanin wanda ke wasa a tsakar gidanka.