Awon Rigar Salla

"Ɗaga hannunki, Ummusalma."

Mijina Abdulfatah ne tsaye a tsakar ɗaki da tef ɗin awo, ga atamfata a kafaɗarsa, wadda na kai wa Ladi tela a Anguwan Rukuba a ɓoye.

"Keken Ladi ya lalace, ta aiko da ita shagona, wai oga ya taimaka," ya ce a hankali. "Rabin matan unguwar Congo-Russia ni ke musu ɗinki, amma matata ta kai wa wata?"

Na ƙanƙame mayafina na ja da baya.

Tunda ciwon daji ya sa aka cire min mama na hagu, ban yarda ya ga ƙirjina ba. Ni kaina ba na kallon madubi. Shi kuwa tun dawowata daga asibiti ya kwashe bargonsa ya koma falo, duk sanyin nan na Jos. Abinci, magani, sannu, ba abin da ya rage ni da shi. Amma ko yatsana bai ƙara riƙewa ba, kullum ina jiran ranar da zai ce ya gaji.

"Don Allah ka bar shi... tsohon awon ma ya isa."

"Kin san bai isa ba."

Kuka ya ƙwace min.

"To ka auna me? Abin da kake ƙyama? Kai da ka guje wa shimfiɗata!"

Tef ɗin ya suɓuce daga hannunsa.

"Ƙyama? Ni?" ya ce. "Hajiyata ce ta ce idan na kusance ki ciwon zai farka, wai haka ya kashe wata maƙwabciyarsu a Rikkos. Salmata, ina kwana ina jin motsinki, in kama hannun ƙofa in saki. Gara sanyi ya kashe ni da in zama ajalinki!"

Innalillahi! Ashe kowa da irin tsoron da yake kwana da shi.

"Ba gaskiya ba ne," na ce ina shessheƙa. "Nas Oluchi ta ce kusanta ba ta ta da shi, kuma ba a ɗauka. Ta ce magani ya bar min bushewa, zan iya jin zafi, amma akwai man da ake shafawa, mu bi a sannu. Har cewa ta yi in zo da kai."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Kunya... kuma ina tsoron ka gani ka juya baya."

Ya durƙusa ya ɗauki tef ɗin, bai matso ba. Jirana yake.

Wallahi ko ranar tiyata ban ji tsoro haka ba. Na saki mayafin ya zame ƙasa, na zuge rigar, na runtse ido, na ɗaga hannuwana.

Tef ɗin ya zagayo bayana da sanyinsa, ya kwanta a kan tabon. Ina jira ya ja numfashi ko ya ja da baya. Sai na ji ɗumin tafin hannunsa a wurin.

"Da zafi, rabin raina?"

Na girgiza kai.

"Nawa... nawa awon ya nuna?"

Ya jingina goshinsa da nawa, hawayensa na sauka a kumatuna.

"Ban duba ba."