Wanda Za a Faɗa Daga Baya

Duk wanda ya san Eleuterio Germosén, wanda muke kira Tello, ya san mutum ne da ko gaisuwa sai ya nemi ragi a cikinta. Shi ne manajan Carreteros, ƙungiyar pelota, wato wasan ƙwallo da gora, ta garinmu na masu rake, aikinsa saye da musayar 'yan wasa. A pelota kuwa, wanda ke tsayawa kan tudu yana jefa wa masu gora ƙwallo shi ne uban tafiya. In kana da majefi na kirki gari naka ne, in ba ka da shi ko mai sayar da gyaɗa sai ya zage ka.

Tello ba shi da majefi, ba shi kuma da haƙuri. Yaran da ya tsinto ba takalmi sun tafi Amurka sun dawo cikin manyan motoci, shi yana nan ƙarƙashin rufin kwano da matarsa Miledys, da surukarsa Doña Chencha, da ɗansa tilo, Yunior. Yaron shekararsa sha bakwai, yana da hannun dama da masu farautar 'yan wasa suka fara leƙowa su gani. Amma Tello bai iya jiran tuwo ya huce ba. Mai ƙungiya ya ce masa in ya kawo kofi zai ba shi kaso a ƙungiyar, in bai kawo ba ga adda ga gonar rake.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta babban birni ta yi masa tayin Nicanor Frías. A da Nicanor ya yi tashe har a Amurka. Yanzu ya doshi arba'in, ƙwallonsa na tafiya kamar tana jin kunya, mai gora sai ya sosa ƙeya kafin ta iso. Da labarin ya kai teburin da maza ke taruwa wasan domino a shagon unguwa, sai da aka kife tebur don dariya.

"Tello, in tsoho kake nema, ga surukarka a gida, kyauta!"

"Wallahi ta fi Nicanor saiti. Tambayi karen maƙwabta."

Tello ya taya su dariya, amma kansa na can yana awo. Sunan Nicanor zai cika fili na wasa biyu, daga nan sai jifa da ɓawon lemo. To in hannun ya dawo fa? Mutumin da babu mai so, ana samunsa a araha. Kafin ya amsa tayin, sai ya shiga motar haya ya nufi yamma, can bayan San Juan kusa da iyakar ƙasa, inda wani boka mai suna Anacleto yake zaune.

Da tsakar rana ya isa, amma cikin bukkar duhu ne, da sanyi irin na bakin rijiya. Hotunan waliyyai na jikin bango, an juya fuskokinsu duka suna kallon katako. Baƙaƙen kyandira na ci a bakin kwalaben giyar rake, ga ƙoƙon kan bunsuru da tabar sigari a haƙoransa. A lungu akwai tukunyar ƙasa da aka rufe da jan ƙyalle. Ƙyallen yana ɗagawa yana sauka a hankali, alhali ko iska ba ta shiga ɗakin.

Anacleto ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin ido ɗaya. Ya saurari Tello har ya gama, sannan ya ce, "Hannu ba ya tsirowa kamar rogo, ɗana. In an zuba wa wannan, daga wani aka ɗebo."

"Nawa ne?"

"Wanda ke cikin tukunyar nan ba ya zuwa kasuwa. Mutum yake so, na gidanka. Faɗi suna ɗaya."

Da Tello mai hankali ne da ya ɗauki hularsa. Amma ciniki aka taɓo, ciniki kuwa a jininsa yake. A sana'arsu akwai wata al'ada: in an yi musaya aka rasa abin cikawa, sai a ce "da wani da za a faɗa daga baya." Tello ya sha yin haka, kuma ya san yadda take ƙarewa. Ana jan ƙafa har a manta, ko a ƙarshe a miƙa wani gurgun yaro da ba mai kewarsa.

Ya gyara zama ya ce, "Baba, mu a wurinmu ba a faɗin suna ranar ciniki. A ba ni kaya yau, suna ya biyo baya."

"Daga baya?"

"Daga baya. Haka manya ke yi."

Anacleto ya waiwaya ya dubi tukunya. Ƙyallen ya tsaya cik, sannan ya ci gaba da motsi, da sauri fiye da dā. Tsohon ya yi murmushi.

"Ya yarda. Ban taɓa ganin ya yarda da sauri haka ba."

Tello ya ji daɗi a ransa, wai ya yi wa boka wayo.

Anacleto ya karɓi sabuwar ƙwallon da ya zo da ita, ya farke jan ɗinkin da reza. Ya kankare ƙasar da ke tafin takalmin Tello, ƙasar ƙofar gidansa, ya cusa a ciki. Ya tsaga masa babban yatsa ya matse jini a kai, ya kurɓi giya ya fesa, ya ɗinke. Sannan ya tura ta ƙarƙashin jan ƙyallen. Da ya zaro ta, ɗumi gare ta kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

"Ka ba majefin ya riƙe sau ɗaya, sannan ka binne ta a bakin ƙofarka."

Tello ya dawo ya amsa tayin, ya ba Nicanor ƙwallon ya riƙe, ya binne ta a bakin ƙofa. Ya kuma lallaɓi Nicanor ya sa hannu cewa daga yau shi ne wakilinsa, duk abin da hannun ya samo da rabonsa a ciki. Nicanor, bawan Allah mai sanyin hali, har godiya ya yi masa.

Ranar wasan farko mutane sun zo ne su yi ihu. Ƙwallon farko da Nicanor ya saki, ƙararta a safar hannun mai cafkewa sai da ta tashi tsuntsayen rufin fili. Masu gora suka riƙa zuwa suna dukan iska suna komawa. Bayan wasa ya rungume Tello yana hawaye, yana sumbatar gicciyen wuyansa.

"Manaja, Allah ya tuna da ni! Ji nake kamar hannun ɗan sha bakwai aka ɗaura mini."

Daga nan arziki ya ɓalle. Fili ya riƙa cika har kan katanga. Tello ya rushe gidan kwano ya tayar da bene a wurin, ya sayi mota, ya sayi sarƙar zinariya mai kaurin igiyar shanu. Masu dariyar domino suka koma kiransa Don Eleuterio, irin kiran da ake yi wa manya.

Aladun bayan gida ne suka fara mutuwa, ba wanda ya damu. Sai wata ranar Lahadi da Nicanor ya yi wasa, aka dawo aka tarar da Doña Chencha a kujerarta mai lilo, ta sandare, hannunta na dama ya bushe kamar raken da aka tatse. Miledys ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tello ya yi wa tsohuwa jana'iza ta gani ta faɗa, ya yanka saniya ranar addu'ar kwana tara. A zuciyarsa kuwa murna yake, wai an ɗauki gurgun yaron, ciniki ya rufe.

Bai rufe ba. Miledys ta fara jin ƙarar ƙwallo a cikin tukwanenta. Takan zuba shinkafa da wake a faranti ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce na baƙon da ke ƙasa ne. Yunior kuma, duk ranar da Nicanor ya hau tudu, sai hannunsa ya mutu tun daga kafaɗa, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Likitoci suka duba suka ce ba su ga komai ba.

"Baba, me ke damuna?" in ji yaron. "Ji nake kamar ana zuƙe ni da tsinke."

"Girma ne. Ka ci ayaba da yawa."

Tello ya koma wurin Anacleto a fusace. "Ai an biya! Tsohuwa ta tafi!"

"Wa ya faɗi sunanta? Kai?"

"A'a, amma..."

"To ba biya ba ce, ɗanɗano ne. Da ka faɗi suna, da mutum ɗaya zai ɗauka ya rufe baki. Kai ka bar masa ƙofar rumbu a buɗe. Duk jifan da majefinka ya yi, daga gidanka ake ɗebowa, kuma ya gano inda maiƙo yake."

"Mafita fa?"

"Biyu ce. Ka faɗi suna yanzu. Ko ka zaunar da majefin, kada ya ƙara jifa har abada. Yunwa za ta kori abin, amma duk abin da ya kawo maka zai tafi da shi."

Tello bai faɗi suna ba, bai kuma zaunar da Nicanor ba. Wasannin ƙarshe sun gabato, ya ce wa kansa saura kaɗan. Carreteros suka ɗauki kofi, aka yi ta kiɗa a titi, Yunior na kwance yana rawar sanyi. Da kakar wasa ta ƙare, Nicanor ya daina jifa, sai yaron ya fara farfaɗowa. Ya yi ƙiba, ya koma fili. Miledys ma ta fara gane maƙwabta.

A nan Allah ya miƙo wa Tello igiya. Nicanor ya zo har gida, ya zauna a baranda ya ce, "Manaja, na gode. Na samu abin da nake so, na fita da mutuncina. Zan koma ƙauye in yi kiwon awaki."

Abin da ya rage wa Tello shi ne ya ce Allah ya sa albarka. Amma a aljihunsa akwai tayi daga wata ƙungiya ta Japan, tayin da ya fi duk abin da ya taɓa gani. Ya auna kamar yadda ya saba: kaya na kan ganiyarsa, yanzu ne lokacin sayarwa. In ka sayar da jaki ai ka sayar har da harbinsa. Teku biyu a tsakani, wane aljani ne zai yi wannan zirga-zirgar?

"Awaki?" in ji shi. "Kai da Allah ya ba hannun zinariya? Tashi mutumina, kada ka yi wa Ubangiji butulci."

Nicanor ya tafi Japan. Kakarmu ta 'yan watanni ce, tasu kuwa doguwa ce, ba ta ƙarewa. Yammarsu ita ce asubarmu. Duk ranar da Nicanor zai yi jifa, kafin zakara ya yi cara unguwa ta ji ihun Yunior. Hannun ya fara bushewa, bushewar ta haura kafaɗa ta shiga ƙirji. Miledys ta tuɓe takalmi ta shiga bin titi tana roƙon mutane su daina tafi.

Tello ya haƙa bakin ƙofa, ya tarar da rami babu ƙwallo. Ya buga wa Nicanor waya yana roƙo.

"Ka ce ba ka da lafiya! Ka karya yatsa! Ka dawo gida!"

"Manaja, kai ka ƙulla yarjejeniyar, ka san ba su sakin mutum. Kuma ni ma na so in huta, hannun ne ba ya yarda. Ba ni nake jifan nan ba."

A karo na uku Tello ya shiga bukkar Anacleto da rarrafe. Babu sarƙa a wuyansa, babu Don a sunansa.

"Na zo in faɗi suna. Miledys."

"An riga an shanye ruwanta. Ɓawo kake yi mini talla?"

Tello ya kifa goshi a ƙasa. Sai a lokacin, da komai ya ƙare, ya faɗi abin da uba zai faɗa tun ranar farko.

"To ni. Eleuterio Germosén. A ɗauke ni a bar yarona."

Anacleto ya dube shi daga sanƙo har tumbi, irin kallon da Tello ya yi wa ɗaruruwan 'yan wasa.

"Kai manaja ne. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Kana riƙe da ɗan sha bakwai mai hannu kamar wuta, sai a kawo maka tsoho mai hawan jini a ce ku yi musaya. Za ka karɓa?"

Tello ba zai karɓa ba, kuma duk su ukun da ke ɗakin, har da na cikin tukunya, sun sani.

Kafin mota ta dawo da shi, an riga an rufe fuskar Yunior. Waɗanda suka ɗauki akwatin sun ce bai fi nauyin kwandon burodi ba. A makon nan hannun Nicanor ya mutu a tsakiyar wasa, aka sallamo shi, ya tafi kiwon awakinsa bai san abin da ya ci ba. Mai ƙungiya ya kori Tello. Bene ya tsage daga tushe, mota ta tafi, 'yan'uwan Miledys suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Shi kuwa Tello ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Yana nan garau, yana shara a shagon domino, yana cin abinci yana ƙoshi, kuma da alama zai daɗe. Abin da ke cikin tukunya ma bai ga abin so a jikinsa ba.

Ku masu ganin kun iya ciniki, ku ji da kyau. Akwai kasuwar da in ka shiga, wayonka shi ne wuƙar da za a yanka ka da ita. Duk dukiyar da aka ce karɓi yau ka biya gobe, ka fara juyawa ka dubi waɗanda ke cin abinci a gidanka, domin su ne kuɗin.